Ihu bayan hari: wa ke rubuta doka kafin ta iso ajinmu?

Akwai ranaku biyu da nake so mai karatu ya riƙe a ransa. Ranar Laraba 27 ga Yunin 2018, kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa daga ranar ba za a ƙara cire wa ma'aikacin gwamnati ko sisi a albashinsa a ba ƙungiyar ƙwadagon da bai shiga ba. Washegari Alhamis, a nan Kwatano, kotun tsarin mulkinmu ta ce majalisa na da ikon hana ma'aikatan lafiya da na shari'a da na tsaro yajin aiki. Wata biyar kacal kafin nan, ita wannan kotun ce ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki. Abin da ya canza tsakanin Janairu da Yuni shi ne alƙalan. Théodore Holo ya sauka, Joseph Djogbénou, wanda ya kasance ministan shari'a, ya hau kujerar shugabancin kotun.

Kar a yi min mummunar fahimta. Ban ce hannun da ya shirya ta farko shi ya shirya ta biyu ba. Amma tunanin da ya haife su ɗaya ne: wai ma'aikaci in ya haɗa kai da 'yan'uwansa ya zama kaya a wuyan tattalin arziki, don haka a rage masa ƙarfi, a sakar wa kasuwa mara. Na ɗauko labarin Amurka ne saboda can ana ganin hanyar da ra'ayi ke bi har ya zama doka, tun daga teburin da aka rubuta shi. Mu a Parakou da Djougou, sai doka ta faɗo mana a ka muke jin labarinta.

Mutumin da sunansa ke kan waccan shari'a, Mark Janus, ƙaramin ma'aikaci ne a jihar Illinois. Kuɗin da ake cire masa bai wuce kimanin dala 45 a wata ba. Wa zai kai ƙara har kotun ƙoli a kan dala 45? Ai kuɗin lauya na awa ɗaya ya fi haka. To, ba shi ya biya ba. Ƙungiyoyin lauyoyi biyu ne suka tsaya masa kyauta, ɗaya daga ciki mai suna Liberty Justice Center, wadda ta tsiro daga jikin wata cibiyar nazarin manufofi, Illinois Policy Institute. Alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, aka rushe hukuncin da ke aiki tun 1977, wanda shi kansa a kan malaman makarantar birnin Detroit aka yi shi. Bayan nasarar, Janus ya ajiye aikin gwamnati ya koma aiki a wannan cibiyar.

Irin waɗannan cibiyoyi suna nan a kusan kowace jiha daga cikin jihohin Amurka 50, kuma suna da uwa mai haɗa su, State Policy Network, da aka kafa a 1992. Akwai kuma ALEC, tun 1973, inda 'yan majalisun jihohi da wakilan kamfanoni ke zama su rubuta samfurin doka, kowane ɗan majalisa ya ɗauka ya kai jiharsa, ya canza suna kawai. A 2019 jaridar USA Today da abokan aikinta sun bincika, suka gano ƙudurori fiye da 10,000 da aka kwafo kusan kalma da kalma daga irin waɗannan samfurori na masu muradu daban-daban cikin shekara takwas, fiye da 2,100 kuma sun zama doka. Mu malamai mun san sunan wannan a aji: satar amsa. Can kuwa sana'a ce mai albashi.

Dabararsu ba ta da wani siddabaru. Ba sa jiran Washinton, jiha suke bi, domin ɗan majalisar jiha ba shi da ma'aikatan bincike, duk wanda ya miƙa masa takarda a shirye da alƙaluma a jiki ya rage masa wahala. In majalisa ta ƙi, su nemo mutum ɗaya da abin ya shafa su kai ƙara da sunansa. In suka faɗi bana, su dawo baɗi. Haka cibiyar Mackinac ta shafe shekaru tana bugun ƙarfe a Michigan, jihar da ke cike da ma'aikatan masana'antar mota, har aka yi dokar rage ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago a 2012. A 2023 wata majalisar ta soke ta, wanda ke nuna ƙofar da suka bi kowa na iya binta.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Ba duk aikinsu ne cutar talaka ba. A jihar Utah, an ce wa wata 'yar Saliyo mai kitso ba za ta karɓi kuɗin kitso ba sai ta yi awa 2,000 a makarantar gyaran gashi, makarantar da ba ta ma koyar da irin kitsonmu. Lauyoyin Institute for Justice, masu wannan ra'ayi na kasuwa, su suka tsaya mata, ta ci shari'ar a 2012. Duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Malanville zuwa Parakou yana lissafin inda zai tsaya ya miƙa hannu, ya san akwai dokar da ba ta kare kowa, sai dai ta ci aljihu. Mu jikokin fatake ne. Djougou da Parakou zangon ayari ne a kan hanyar goro tsakanin Kano da Gwanja, sunan kasuwar Arzèkè ma daga arziki ya fito. Babu mai koya mana amfanin buɗaɗɗiyar hanya. Mun ɗanɗana rufewarta lokacin da Najeriya ta kulle iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun sake ɗanɗanawa da gadar Gaya tun bayan juyin mulkin Nijar na 2023.

Wannan tunani ya daɗe da ƙetaro teku. Atlas Network, da wani Bature ɗan Ingila mai suna Antony Fisher ya kafa a 1981, tana tallafa wa irin waɗannan cibiyoyi a ƙasashe da dama, ciki har da IMANI ta Ghana da Franklin Cudjoe ya kafa a 2004. A ƙasashenmu kuma akwai hanyar da ta fi wannan gajarta. Har zuwa 2021 Bankin Duniya na fitar da rahoton Doing Business, yana jera ƙasashe kamar sakamakon jarrabawa, gwamnatoci na rige-rigen gyara doka don su hau sama. Benin ta shiga goma na farko cikin masu gyare-gyare a rahoton 2015 da na 2016. Ka ga ke nan abin ya girmi gwamnati ɗaya.

Yanzu mu duba abin da ya iso gidajenmu. A 2017 aka yi dokar ɗaukar ma'aikata mai lamba 2017-05. Ta ba mai kamfani damar sabunta kwantiragin wucin gadi iya son ransa, ba iyaka, kuma ko kotu ta tabbatar an kori mutum bisa zalunci, diyyarsa ba za ta wuce albashin wata tara ba. A 2018 aka taƙaita yajin aiki ga sauranmu da ba a hana gaba ɗaya ba: kwana goma a shekara, bakwai a wata shida, biyu a wata. A 2019 aka fara ɗaukar malaman da ake kira AME, waɗanda da farko wata tara ake biyansu cikin sha biyu. Cikinsu akwai waɗanda muka zauna benci ɗaya a makarantar horon malamai. Na san wanda in hutu ya zo yake ajiye alli ya hau babur yana zemijan, yana sauke hular kwano ƙasa-ƙasa don kar iyayen ɗalibansa su gane shi. Daga baya an ƙara watannin, alhamdu lillahi, amma sai da aka sha wuya. A 2022 aka faɗaɗa haramcin yajin aiki zuwa tashar jiragen ruwa da sufuri da harkar man fetur.

Zan faɗi wata magana da wasu abokaina na sandika ba za su so ba. Yajin aikin 2018 ya cinye watanni, kuma 'ya'yan talakawa ne suka biya, domin ɗan mai hali yana makarantar kuɗi yana karatunsa. Wata uwa a Zongo ta taɓa tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ku da gwamnati kuke faɗa, amma ɗana ne zai faɗi CEP." Wallahi ban samu amsar ba ta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da mu malamai mun zo da namu tsarin, mun ce ga yadda za a yi yaji ba tare da an taɓa azuzuwan jarrabawa ba, ga yadda za a rama darussa, da iyaye sun tsaya a bayanmu. Ba mu rubuta komai ba, sai wasu suka rubuta mana.

Ga tambayar da nake yi wa duk mai wa'azin kasuwa. In 'yanci ne, me ya sa yake tsayawa a ƙofar mai jari? An ce a sakar wa kasuwa mara wajen ɗauka da korar ma'aikaci. To manomin kashu na Donga da Borgou fa? Gwamnati ta sa 1 ga Afrilun 2024 a matsayin ranar daina fitar da ɗanyen kashu waje, domin masana'antun Glo-Djigbé su samu abin sarrafawa. Na fahimci hujjar, gara a sarrafa a gida a samar da aiki. Amma wannan ai shi ne sa hannun gwamnati a kasuwa, kuma manomin da aka rage wa masu saye shi ke ɗaukar nauyin. Mai ra'ayin kasuwa na gaskiya ya kamata a ji muryarsa a nan kamar yadda aka ji ta a kan albashin malami. In ya yi shiru, to mu tambaye shi wa ke biyan kuɗin ofishinsa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai kuma wata magana da za ta zo mana da zuma a baki, ita ce ta makarantu. A Arizona cibiyar Goldwater ta tsara shirin da gwamnati ke ba iyaye kuɗin karatun yaro su kai shi inda suke so. An fara a 2011, a 2022 aka buɗe wa kowane yaro. A 2020 kotun ƙoli, a wata shari'a daga jihar Montana, ta ce ba za a ware makarantun addini daga irin wannan tallafi ba. Duk mai yaro a makarantar franko-arab, da ke biyan haraji kuma yake biyan kuɗin makaranta, zai ce kai, wannan ai namu ne. Ni ma na ji daɗinta da farko. Amma a yi lissafi tukuna. A Parakou akwai makarantu iri-iri da za a zaɓa. Yaron ƙauyen da ke bayan Djougou makaranta ɗaya gare shi, ta gwamnati, wadda aka ce kyauta ce tun 2006, kuma duk sefar da aka cire daga cikinta ba za ta dawo ba. Laberiya ta gwada miƙa wasu makarantun gwamnati ga kamfanoni a 2016, kuma a shekarar ce wata kotu a Yuganda ta ba da umarnin rufe makarantu 63 na kamfanin Bridge. Ina goyon bayan a tallafa wa makarantunmu na franko-arab, amma da ƙarin kuɗi da sharuɗɗa a rubuce, ba da yankan rabon ɗan ƙauye ba.

To mene ne abin yi? Mu ba mu da jihohi masu majalisa irin na Amurka ko Najeriya. Dokokinmu a Porto-Novo ake yin su, a hannun 'yan majalisa 109. Amma muna da ƙananan hukumomi 77, kuma gina azuzuwan firamare da gyara su yana wuyansu. Zaman kansiloli a buɗe yake ga jama'a. Ku gaya min tsakani da Allah, mu nawa muka taɓa zuwa ranar da ake muhawarar kasafin kuɗin Parakou ko na Djougou? Muna kuma da abin da Ba'amurke ba shi da shi: tsarin mulkin 1990 ya ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa kotun tsarin mulki kai tsaye a kan dokar da yake ganin ta saɓa, ba sai ya jira wata cibiya ta ɗauko shi ba. Na san wani zai ce ai kotun ce ta juya a 2018, kuma kotun Afirka da ke Arusha ta ce a 2020 a soke tanade-tanaden hana yajin aiki, ba a soke ba. Gaskiya ne. Amma waɗancan ma sun jira shekara 41, daga 1977 zuwa 2018, kafin su ci tasu.

Ba sai mun kafa ofishi mai na'urar sanyi ba. Malamai biyar, lauya ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da suka gama jami'ar Parakou, ɗan kasuwa ɗaya mai riƙe littafin lissafi, da wakiliyar ƙungiyar iyaye mata sun isa farawa. Aikin farko shi ne ƙidaya: yara nawa ne a kowane aji a unguwarmu, benci nawa, malami nawa ne ke kan kwantiragi, nawa manomi ya sayar da kilon kashu bana da bara. Na biyu, duk ƙudurin da ya shafe mu a fassara shi da Hausa da Dendi da Bariba kafin a kaɗa ƙuri'a a kansa, a karanta a rediyon gari. Na uku, a rubuta shafi biyu, ba ashirin ba, a kai wa ɗan majalisar yankinmu hannu da hannu, a koma bayan wata guda a tambaye shi ina aka kwana.

Alhazanmu da Allah ya hore wa, masu gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka. Ina roƙonsu su ware kuɗin buhun siminti goma a shekara don takarda da kuɗin motar zuwa Porto-Novo. Ni dai na fara da abin da ke hannuna, na ƙirga ajina da na maƙwabtana, na rubuta a bayan littafin kiran suna. Wanda ke koyarwa a Djougou ya ƙirga nasa, mu haɗu a hutu mai zuwa mu haɗa lissafin.

Allah ya sa mu dace.

Marubucin malamin makaranta ne a Parakou.