Mai Jinya Ma Abin Dubawa Ne

Duk wanda ya je Asibitin Zana da ke Fagge zai tarar da kusan kowane marar lafiya da wani a gefensa, riƙe da kwanon abinci da katin asibiti. Wannan shi ne mai jinya, watau uwa ko mata ko ɗa, wanda ya ajiye sana'arsa, wani ma ya rufe rumfarsa a Kantin Kwari, ba tare da ana biyansa ko kwabo ba. Maganin tarin fuka wata 6 ake yi ana sha ba fashi, kuma a hannun mai jinya yake. In ya gaji ko ya kwanta, magani ya yanke, cuta ta dawo da ƙarfinta.

Saboda haka, wajibi ne likitan iyali ya rubuta sunan mai jinya a katin marar lafiya, ya tambaye shi cinsa da barcinsa, ya gwada shi ko ya kamu. Kunya ba za ta bar shi ya koka ba, sai an tambaya. Daga nan likita ya tara dangi a riƙa karɓa-karɓa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.