Wai Me Ya Sa Kiran Kano Ke Shigowa Da Lambar Duwala?

Duk mai abokin ciniki a ƙetare ya san wannan abu. Kana zaune a shagonka na Marché Congo waya ta yi ƙara, ka ga lamba mai farawa da 6, irin tamu ta Kamaru, ka ɗauka sai ka ji muryar dillalinka na Kantin Kwari a Kano. Babu +234 babu dalilinta. Magana ta yanke, ka mayar da kira, ba mai ɗauka. Masu sauraronmu na New Bell sun sha kawo mana wannan kuka, har wani dattijo ya tambaye mu ko yaron nasa ya shigo gari ne bai zo gaishe shi ba.

To jama'a, ba siddabaru ba ne. Akwai na'urar da ke zama mashiga tsakanin intanet da layin tarho. Muryar mai kira daga waje ana daddatsa ta ƙanana-ƙanana, ta biyo intanet, ta sauka a wani akwati da aka ɓoye a ɗaki, cike da sim 16 ko 32 ko fiye, akwatin kuma ya buga maka kamar kiran cikin gida. Mai akwatin ya ci ratar da ke tsakanin kuɗin sauke kiran waje da na kiran gida.

Ita na'urar mashiga ba laifinta ba ne, bankuna da otal-otal da su kansu kamfanonin waya da irinta suke aiki. Maganar tana ga yadda aka saita ta. Lambar mai kira tana tafiya tare da kiran, mashiga ta halal tana miƙa ta yadda take, akwatin sim kuwa lambar sim ɗinsa kawai zai nuna. Haka nan idan kana jin mutum shi ba ya jinka, galibi wanda ya haɗa na'urar ne ya buɗe hanyar da ringi ke bi, ya bar hanyar murya a toshe, domin hanyoyi biyu ne daban. Murya ta asali tana cin kilobit 64 a daƙiƙa, mai son riba ya matse ta zuwa 8, ya cusa kira da yawa a layi mai rauni. Shi ya sa kake cewa "sha shida", a can a ji "sha tara".

Amma abin da ya fi damunmu shi ne amana. Cinikinmu da murya ake yinsa. Kaya su taso daga Kano su biyo Mubi ko Banki, ko su shigo ta Ikom da Ekok, ba takarda ba sa hannu, sai "Alhaji, an loda, a turo kuɗi". Idan muka saba ganin baƙuwar lamba da muryar sananne, ranar da ɗan damfara ya kwaikwayi muryar ba abin da zai tayar mana da hankali. Mun san wanda aka yi wa haka, kuɗin atamfa na wata guda suka bi iska.

Hukumomi ba su zauna ba, gaskiya. A 2015 gwamnatin Kamaru ta ƙayyade sim 3 ga mutum guda a kowane kamfani, a 2018 kuma hukumar NCC ta Nijeriya ta toshe lambobi sama da 750,000 kan ɓoye lambar mai kira. Sai dai rufe sim kamar kwasar ruwa ne da kwando muddin ratar farashi na nan. Wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 ta sauka Duwala tun 2002, ta Kribi zuwa Legas an kammala ta a ƙarshen 2015. Hanya akwai. Amma Nijeriya tana ECOWAS, mu muna CEMAC, kowace ƙungiya tana shirin rangwamen kira ne ga 'ya'yanta kaɗai, ɗan kasuwar Fotokol da ke hango Gamboru da idonsa ya faɗa tsakani.

Wani zai ce ai ga WhatsApp. Haka ne, amma manyan dillalanmu da yawa ƙaramar waya suke riƙewa, kuma ba mu manta da 14 ga Maris 2024 ba, ranar da wayoyin teku suka tsinke intanet ta durƙushe, kowa ya koma layin tarho.

Muna kira ga hukumar ART da takwararta NCC su zauna su yanke farashi mai sauƙi na kira tsakanin ƙasashen biyu, su kuma tilasta wa duk mai lasisin mashiga ya miƙa lambar mai kira yadda take. Kafin nan, shugabannin 'yan kasuwa na Marché Central da Nkololoun su sanar a masallatai: kiran neman kuɗi da ya zo da baƙuwar lamba, a kashe, a buga lambar da aka sani mai +234, ko da zai ci kiredin dala ɗari.