Waiwaye: Mustang da Zaɓin Inji, Ƙarami ko Babba

A watan Afrilun 1964 kamfanin Ford ya fito da motar Mustang a baje kolin duniya na birnin New York, kuma tun ranar farko aka ba mai saye zaɓi: inji mai silinda shida, ko V8 mai silinda takwas. Samarin Amurka V8 suke mafarki, fetur kuwa araha, don haka motar ta yi ta ƙara jiki, injin na ƙara girma, har aka kai ga mai lita 7.

Sai ga Oktoban 1973. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka, dogayen layuka suka cika gidajen mai. Ford ya taki sa'a, domin 'yan makonni kafin nan ya fito da Mustang II, 'yar ƙarama, da inji mai silinda huɗu lita 2.3 ko V6 lita 2.8. A wannan shekarar babu V8 ko ɗaya a kasuwar Amurka. Masu son gudu suka yi ta tsaki, har yau wasu ba sa son a ambace ta. Amma a shekarar farko kaɗai an ƙera sama da 380,000. Waɗanda suka saye ta ba filin tsere suke zuwa ba, wurin aiki suke zuwa kowace safiya, kuma daga aljihunsu ake cika tanki.

Tambayar ƙarami ko babba ta sake dawowa a 2015. Aka ajiye Mustang GT mai V8 lita 5 da ƙarfin doki 435 a gefe guda, ga kuma EcoBoost mai silinda huɗu lita 2.3 da turbo, mai ƙarfin doki 310. A lura, wannan ƙaramin inji ya ninka ƙarfin V8 ɗin da aka mayar wa Mustang II a 1975, wanda bai kai doki 150 ba. Gaban motar mai EcoBoost ya fi sauƙin nauyi, shi ya sa take bin sitiyari da sauri idan an shiga kwana, kuma a tafiyar yau da kullum ya fi rangwamen mai.

Ba na raina babban inji. Rurin V8 daga salansa, da yadda yake amsawa da zarar ƙafa ta taɓa totur ba tare da jiran turbo ta cika ba, abu ne da silinda huɗu ba ya bayarwa, kuma wanda ya sayi irin wannan mota don jin daɗin zuciyarsa yana da hujja. Sai dai mai hawa kullum ya tambayi kansa sau nawa a mako yake samun hanyar da zai saki dawakai 435. A cunkoso, da giya ta ɗaya da ta biyu ake rarrafe, injin na ta shan mai yana ɗaukar zafi. A ganina, ga motar zuwa aiki, ƙaramin ne daidai.

Wannan lissafi ya iso Najeriya tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ga shi yawancin irin waɗannan motoci tokunbo ake shigo da su. Amma kada mai saye ya ɗauka ƙaramin inji ba shi da nasa sharaɗi. Idan ana yawan take shi, turbo kan sha mai kusan kamar babba. Yana son baƙin mai nagari da ake canzawa a kan lokaci, da fetur mai kyau, kuma ba ya jure zafi idan lagireto ya yi datti. Kafin a biya kuɗi, a tabbata a garin akwai bakaniken da ya san turbo, yana da na'urar duba kwamfutar mota, kuma ana samun kayan gyaranta ba sai an jira daga Legas ba.