Kwamfutocin gida da bairos: Me ya sa fomatin ba ya kawo ƙarshen matsalar?

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro kyauta, shekara goma bayan fitowarta. Labarin bai girgiza kowa a kasuwanninmu ba, domin washegari kowa ya kunna kwamfutarsa ta tashi kamar kullum. Sai dai daga wannan rana, duk wata kafa da masu kutse suka gano a jikin manhajar za ta ci gaba da zama a buɗe, in ban da a kwamfutocin da aka shigar cikin shirin ƙarin wa'adi, wanda shi ma na masu amfani a gida zai ƙare a 13 ga Oktoban 2026.

Abin ya shafe mu fiye da yadda ake zato. Akasarin kwamfutocin da ke gidajen ma'aikata da shagunan 'yan kasuwa na hannu ne, irin waɗanda ake saye a Farm Centre da ke Kano, ko Banex Plaza a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa: tana buƙatar wani ɗan guntun na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a hukumance ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018. Ke nan dubban na'urori masu lafiya, waɗanda masu su ba su da niyya ko halin sauyawa, za su ci gaba da aiki ba tare da mai toshe musu ɓaraka ba.

Duniya ta taɓa ganin inda irin wannan sakaci ke kaiwa. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya, alhali Microsoft ya fitar da maganin wannan kafa tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. A nan gida kuwa kashe sabuntawa ya zama al'ada, saboda tana cin data, kuma ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025 bai ƙarfafa wa kowa gwiwar barin ta a kunne ba.

To amma abin da ya fi damuna shi ne abin da ke faruwa bayan cutar ta riga ta shiga. Kwamfuta ta fara nauyi, tallace-tallace na faɗowa ba a kira su ba, takardu sun ƙi buɗewa. Mai ita ya ɗauka ya kai wa injiniya, shi kuma kafin ya gama kunna ta ya yanke hukunci: sai an yi mata fomatin. Cikin awa biyu an share komai, an ɗora wata Windows daga fulash ɗin shago, an haɗa da Office da sauran manhajoji na sata, an karɓi kuɗin aiki. Kwamfuta ta dawo da sauri, kowa ya yi murna. Ba na zargin masu gyara da mugunta. Fomatin shi ne aiki mafi sauƙi da saurin biya, kuma mai kaya ba ya son a riƙe masa na'ura kwana biyu. Sai dai sau da yawa gyaran gangar Auzinawa ake yi.

Dalili na farko shi ne, abin da ke da daraja a kwamfutar ɗan kasuwa ba ƙarfen ba ne. Lissafin bashi ne, da rasitai, da hotunan kaya, da takardun fili. Na san wani mai sayar da kayan gini da aka share masa lissafin masu bin sa da waɗanda yake bi na shekara uku, a kan cutar da ba ta taɓa ko takarda ɗaya ba. Bairos ɗin da ya fi yawo a shagunan buga takardu, wanda ke mayar da fayilolin fulash wasu gumaka masu 'yar kibiya, ba ya goge komai. Ɓoye fayilolin yake yi, ya ajiye na bogi a madadinsu, domin duk wanda ya latsa ya ƙara yaɗa shi. Idan aka umarci Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli har da na tsarin na'ura, sai ga su nan yadda aka bar su. Aikin minti goma ne, amma mutane da yawa sun yi asarar aikin shekaru saboda ba a gaya musu ba.

Dalili na biyu ya fi wannan muni. Manhajar sata ita ce babbar ƙofar da cutar ke shigowa. 'Yan ƙananan manhajojin da ake amfani da su wajen yaudarar Windows ko Office su ɗauka an biya kuɗin lasisi, kusan dukkansu sai an kashe Microsoft Defender kafin su yi aiki. Wato da hannunka za ka sallami mai gadi domin baƙon da ba ka sani ba ya shigo. Ta wannan hanya ce bairos ɗin STOP, wanda ake kuma kira Djvu, ya bazu a kwamfutocin gida a faɗin duniya. Shi garkuwa yake yi da bayanai: ya kulle fayiloli, ya bar wasiƙar neman fansar Dala 980, ko 490 ga wanda ya tuntuɓe su cikin awa 72. Idan injiniya ya share wannan cuta sannan ya sake ɗora manhajar da ta kawo ta, an gudu ne ba a tsira ba.

Ga wanda aka yi garkuwa da fayilolinsa, biyan fansa ba ya ba da tabbacin komai. Akwai shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai na Europol da na ƙasar Holan suka kafa a 2016 tare da kamfanonin tsaron kwamfuta, inda ake samun makullan wasu nau'o'in cutar kyauta. Ba kowane nau'i ne ke buɗuwa ba, musamman sababbin STOP. Duk da haka hikima ita ce a kwafe fayilolin da aka kulle a ajiye a wani rumbu na daban kafin a share na'urar, domin makullin da babu shi yau yana iya fitowa baɗi.

Sai kuma abin da fomatin ba zai taɓa gyarawa ba. Yawancin cututtukan zamanin nan ba su damu da lalata na'ura ba, sata suke yi. Suna kwashe kalmomin sirrin da aka adana a Chrome, na imel da Facebook da banki, su aika wa masu su cikin daƙiƙoƙi. Ko an wanke kwamfutar tas, ɓarawo ya riga ya tafi da makullan gida. Shi ya sa matakin farko, tun kafin a nufi wurin mai gyara, shi ne a cire na'urar daga intanet, a ɗauki waya a sauya kalmomin sirri, a fara da na imel tunda ta nan ake dawo da sauran, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a kuma duba jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp a fitar da wadda ba a gane ba. Wanda ke shiga asusun bankinsa ta kwamfutar ya sanar da bankin a ranar.

Daga nan ne ake zancen wanke na'ura. Windows tana ɗauke da hanyar bincike da ke sake kunna kwamfuta ta duba ta kafin bairos ya farka, ana samun ta a sashen tsaro da sunan Microsoft Defender Offline, kuma ba a biyan ko kwabo. Bayan ta gama a duba ƙananan manhajojin da aka liƙa wa Chrome, a cire baƙi, a tabbatar sabuntawa ta koma aiki. Tara manhajojin rigakafi biyu ko uku, kamar yadda wasu shaguna ke yi don burge mai kaya, nauyi kawai yake ƙarawa, balle ma idan wa'adinsu ya ƙare. In duk wannan bai yi ba, to fomatin ya halatta, da sharaɗin an kwafe takardu da hotuna tukuna, ban da manhajoji, kuma Windows ɗin da za a ɗora daga shafin Microsoft aka sauke ta.

Ma'aikatan gwamnati suna da ƙarin nauyi a kansu. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa takardun ofis, har da jerin albashi da bayanan ma'aikata, suna kwana a kwamfutocin gida waɗanda yara ke sauke wasanni a kansu da yamma. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan jama'a ta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ma'aikacin da ya kai irin wannan na'ura kasuwa a ɓoye, ya bar ta a hannun yaran shago da kalmar sirrinta, ya ƙara wata ɓarakar a kan ta farko. Ya kamata ma'aikatu su ƙidaya kwamfutocinsu da ke kan Windows 10, su kuma fito da ƙa'ida a rubuce kan abin da ma'aikaci zai yi idan tasa ta kamu, ba tare da fargabar takardar tuhuma ba.

Ga tsofaffin na'urorin da Windows 11 ta ƙi, akwai Linux Mint da Ubuntu, tare da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel, duk kyauta kuma halal. Wanda aikinsa bai wuce rubutu da lissafi da intanet ba zai saba cikin mako guda. Cikas ɗin shi ne masu gyaran da suka iya ɗora su ba su da yawa a kasuwanninmu, kuma wasu na'urorin buga takardu da manhajojin lissafin shago ba sa aiki da su, don haka sai a gwada daga fulash kafin a share komai.