Yaron da bakinsa ya riga hannunsa

Makon jiya na je ta'aziyya Tafashiya, na tarar da wani yaro ɗan shekara 9 a zaure yana sharɓar kuka, an zane shi. An aike shi sayen sabulu, ya ɓace hanya, canjin da ya kawo kuma bai cika ba. Kakarsa ta ce mini, "Malam, yaron nan ya haddace izu biyar, ga surutu kamar aku, amma maɓallin riga ya gagare shi. Tsabar iskanci ne."

Maganar ta tsaya mini a rai. Tantance abin da ke damunsa aikin likita ne, amma alamomin nan masana sun san su. Tun 1967 Doris Johnson da Helmer Myklebust suka bayyana lalurar da ke da waɗannan alamomi a Amurka, daga baya Byron Rourke na Kanada ya zurfafa bincike a kanta. Duk abin da ya shiga ta kunne, yaro mai lalurar zai riƙe shi daram. Abin da ido ke aunawa kuwa, kamar nisa da siffa da hanya da jeren lambobi, a hargitse yake zo masa. Rubutunsa a allo sai ya karkace. Ko uwarsa ta harare shi gaban baƙi ba zai gane ba, sai a ce fitsararre ne. An fi ganin haka ga yaran da aka haifa da ruwa a kai, amma lalurar ba ta zaɓen gida. A 2024 gwamnan Minnesota, Tim Walz, ya faɗa wa duniya cewa ɗansa na da ita.

Kaifin bakin yaron shi ke ja masa duka, domin kowa gani yake da gangan yake yi.

Iyaye da malamai, tunda ƙofar kunne ce a buɗe, ku bi ta nan. In za ku aike shi, ku ce, "Wuce masallaci, juya dama wajen mai shayi," ya maimaita. Lissafi a ba shi littafi mai gida-gida. In kun yi fushi, ku faɗa masa da baki. Sannan a kai shi Babban Asibitin Kankiya, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Tun 2019 Najeriya ke da dokar hana wariya ga masu lalura, amma kafin doka akwai amanar da Allah Ya ba mu. Iya, don Allah a ajiye bulalar nan. Jikanki yana iya ƙoƙarinsa.