Wai Mu Kaɗai Ne Musulmi a Duniya?

Mai karatu, don Allah lissafa mini: a finafinanmu da littattafanmu, sau nawa ka ga 'yar jami'a ta gama karatu da mutuncinta? Kusan kullum ita ce fitsararriya, mai ɗamammun kaya, mai raina miji. Uba ya kalli wannan, gobe ya zare 'yarsa daga aji shida, wai addini yake karewa. To, bari mu leƙa duniya.

A Amurka, tun farkon shekarun 1980 mata suka zarce maza wajen samun digirin farko. Za ka ce ai waɗannan Turawa ne. Na ji. Malesiya fa? Mata sun fi maza yawa a jami'o'in gwamnatinta. A Riyad ta Saudiyya akwai Jami'ar Gimbiya Nura, wadda ta fi kowace jami'ar mata girma a duniya. Bangaladash, ƙasar talakawa irin tamu, a 1994 ta baza shirin ba 'yan matan karkara kuɗin tallafi, da sharaɗin suna zuwa sakandare kuma ba a aurar da su ba. Yau 'yan mata sun fi samari yawa a sakandarensu. Su ba Musulmi ba ne?

A Afirka kudu da Sahara kuwa, har yanzu maza ne suka rinjaya a jami'a. A Nijar, cikin 'yan mata 4, kusan 3 ana aurar da su kafin shekara 18. A Afganistan, Taliban ta rufe wa mata ƙofar jami'a a Disambar 2022. Da su muke so a jera mu?

Abin haushi, wanda ya hana 'yarsa karatu shi zai je asibiti yana tada jijiyar wuya, wai sai likita mace za ta duba matarsa. Daga sama za ta faɗo? In tarbiyya ake tsoro, a gina makarantun mata, a zuba malamai mata. Su ma malaman, ai sai an bar su sun yi karatun.

Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, ta tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta jefo mana tambaya a sunan littafinta: Wa Zai Auri Jahila? Har yau muna sunkuyar da kai.

Mai karatu, da kuɗinka ake shirya fim, da kuɗinka ake buga littafi. Duk wanda ya sake kawo maka 'yar boko a matsayin 'yar iska, bar masa kayansa. Allah Ya ganar da mu.