Kafin Ka Raɗa Wa Na'ura Suna, San Aikinta

Wannan makon ina so mu taɓa wata ɗabi'a da ke mana illa: mu ɗauko kalmar kimiyya, mu duba ƙamus, mu manna abin da muka samu, ba tare da mun san me na'urar ke yi ba.

Ga misali. Akwai tashoshin da ke nazarin sararin samaniya ta hanyar igiyoyin rediyo da taurari ke fitarwa. Karl Jansky ne ya fara gano waɗannan igiyoyi a Amurka a farkon shekarun 1930. Yawancinmu za mu kira na'urar da ke wannan aiki "madubin hangen nesa". To amma babu inda ake kafa ido a leƙa a jikinta. Yaron Sheme da ya karanta haka zai tafi da hoton ƙarya a kansa, kuma mu muka ba shi.

Alhali ya san abin. Kwanon satalayit ɗin da ke kan rufin gidan kallon ƙwallo ƙanenta ne. A Kuntunse, kusa da Accra ta Ghana, tsohon kwanon sadarwa mai faɗin mita 32 aka gyara, aka buɗe shi a 2017 don wannan bincike. Na ƙasar Sin mai suna FAST faɗinsa mita 500 ne.

Idan ka fahimci aikin, kalmomi za su zo da kansu. Kwanon yana tattara igiyoyin ya tura su wuri guda. A nan akwai wani ƙarfe mai faɗin baki da ke zuba su ciki. Me zai hana mu ce masa mazurari? Bayansa akwai makarɓa, wadda ake sanyayawa matuƙa don kada zafinta ya haifar da irin shuuu ɗin da rediyo ke yi tsakanin tasha da tasha. A Karoo ta Afirka ta Kudu kuwa, kwanoni 64 na MeerKAT ke haɗa ƙarfi su zama kamar kwano guda babba. Manomin Faskari ba ya bukatar dogon bayani: gayya ce. Kuma saboda raunin saƙon, doka ta taƙaita amfani da na'urorin sadarwa a kewayen wurin. Mutanen Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa da aka yanke wa layin waya a 2021 saboda matsalar tsaro sun san irin wannan shiru, sai dai can don ilimi aka yi shi.

Na san wani zai ce a bar kalmomin Turanci kawai, tunda da su za a yi jarrabawa. Ban ƙi aro ba; rediyo da kwamfuta duk aro ne, kuma sun zauna daram. Amma aro yana zama ne idan mutane sun riƙe abin a hannunsu. Abin da ba su taɓa gani ba, sai da kwatance.

Kakanninmu sun kira Zara, Gamzaki da Kaza-da-'ya'yanta da sunayen da suka dace da idonsu. Sauran aikin namu ne. Ni dai na ce "kwanon tatsar igiyoyin taurari". Wanda yake da wadda ta fi ta, bismillah, ya kawo mu auna.

Allah Ya ƙara mana basira.